Yaya, kada ku sayi jijiyar robar nan tukuna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Saƙonki ya iso tun makon jiya, na ƙi amsawa ne sai na sami hutun kwana biyu, don tambayar ba ta amsawa a tsaitsaye ba ce. Kin ce wani bawan Allah ya yi alkawarin saya wa ɗakin tiyatarku kaya, shugaban sashe ya ce kowa ya kawo abin da yake ganin ana buƙata, ke kuma kina so in rubuto miki sunan jijiyar robar da kika ji ana sa wa masu kansar fankiriyas, wato sashen da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, a nan Jamus, da girman da ya kamata a saya. Zan ba ki sunan. Amma ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki sa shi a takarda, domin ni ma da wannan tunanin na zo ƙasar nan, kuma sai da na sha kunya a gaban mutum takwas kafin ya fita daga kaina.

Na san kin fi ni sanin cikin mutum, ke kika fara koya min miƙa almakashi a tiyata, amma tunda kin ce za ki nuna wa mai kyautar, bari in faro daga tushe. Jinin da ya zaga hanji da tumbi da saifa ba ya komawa zuciya kai tsaye, sai ya bi ta hanta. Babbar jijiyar hanji tana tasowa daga ƙasa, ta saifa tana zuwa daga hagu, su haɗu a bayan wuyan fankiriyas su zama jijiya guda. Jamusawa na ce mata Pfortader, wato jijiyar ƙofa. Tsawonta bai fi santimita 6 zuwa 8 ba, kaurinta kamar ɗan yatsa, amma kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shiga hanta ta nan yake bi, wajen lita guda kowane minti. Kan fankiriyas kuwa a jingine yake da ita. Idan ƙari ya fito a wurin, ba sai ya girma ba yake manne mata.

Kin tuna yadda muke yi. A buɗe ciki, likita ya zura yatsa a bayan fankiriyas, ya yi shiru, ya ce ta kama jijiya. Sai a yi wa ruwan maɗaciya hanya saboda shawarar ta sauka, a yi wa abinci hanya, a rufe. A da ina ganin gazawarmu ce mu kaɗai. Ashe duniya kaf ta daɗe tana tsoron jijiyar nan. A 1894 aka soki shugaban Faransa Sadi Carnot da wuƙa a birnin Liyon, wuƙar ta yanke masa ita, manyan likitocin ƙasar suna tsaye jini ya ƙare masa, don ba wanda ya iya ɗinke jijiya. Wani ɗalibin likita a garin, Alexis Carrel, abin ya tsaya masa a rai, har ya je wurin wata gwanar surfani ya koyi riƙe siririyar allura. Hanyar ɗinkin da ya fitar a 1902 ita ta kai shi ga lambar Nobel a 1912, kuma jikokin ɗinkin nan nasa nake gani kowane mako. Aikin cire kan fankiriyas ɗin kansa, wanda muke kira aikin Whipple, a nan ba sa yarda su faɗi sunan shi kaɗai, sai su ce Kausch-Whipple, don Walther Kausch ya yi shi a Balin tun 1909, Allen Whipple na Niyok kuwa sai 1935. Yanke jijiyar tare da ƙarin, George Moore ya gwada a Minesota a 1951, Joseph Fortner ya faɗaɗa shi a 1973, mutane suka yi ta mutuwa, aka ja baya. Sai daga shekarun 1990 abin ya zauna. A 2014 ƙungiyar likitocin fiɗar fankiriyas ta duniya ta fito ta ce idan jijiyar dawo da jini ce kaɗai ƙarin ya kama, kuma za a iya gyara ta, to a yanke.

To ga labarin kunyata. A lokacin wata na biyar ke nan da aka yarda in tsaya a teburin manyan ayyuka. Majinyacin dattijo ne mai shekara sittin da wani abu, an gama raba komai, ya rage ƙarin yana rataye a gefen jijiyar ƙofa kamar kaska. Na ji babban likita ya ce wa mataimakinsa ramin zai yi faɗi, ba zai ɗinku haka nan ba. Ni kuma don in nuna na iya, na yi wa abokiyar aikina da ke waje ido, ta ɗauko kwalin jijiyar robar, wato bututun Gore-Tex mai zobba, na karɓa na buɗe. Likitan ya ɗago kai, ya dubi bututun, ya dube ni, ya ce wa ya ce a buɗe? Ɗakin ya yi tsit. Bai ƙara ko kalma ba. Ya juya ga bangon cikin majinyacin, ya auna, ya yanko tantanin ciki tare da bayansa mai ƙarfi, kamar faɗin yatsu biyu, ya gyara masa baki, ya juya santsin zuwa wajen jini, ya yi wa jijiyar faci da shi. Minti goma sha tara daga datse jini zuwa saki. Bututun da na buɗe kuwa kwandon shara ya tafi, don abin da aka buɗe ba ya komawa kwali, kuma sai da na rubuta takardar bayani. Da daddare na kasa barci, ba don faɗan ba, don ba a ma yi min ba. Abin da ya dame ni shi ne kayan da na ɗauka su ne sirrin Turawa suna kan kanta ƙura na neman hawa, abin da aka yi aikin da shi kuwa kowane majinyaci da nasa yake zuwa, har wanda ke kwance a gadonku yanzu.

Bari in yi miki bayanin kayan ɗaya bayan ɗaya yadda na gan su, don ki san abin da za ki faɗa idan ɗan kamfani ya zo da kundin hotunansa.

Mafi yawan lokaci ba a sa komai. Idan ƙarin gefe kawai ya taɓa, a yanke gefen a ɗinke. Idan zagaye ya yi, a cire guntun jijiyar a haɗa bakin sama da na ƙasa. Na yi mamakin yadda take miƙuwa. Ana sakin hanta daga igiyoyin naman da suka rataye ta, a saki hanjin dama da tushensa gaba ɗaya a turo shi sama, sai ki ga giɓin santimita 3 ko 4 ya rufe ba tare da ja ba. Zaren Prolene ne mai lamba 5-0 ko 6-0, siriri kamar gashi. Akwai wata dabara da suka aro daga masu dashen hanta: idan an zagaye ɗinkin ba a ɗaure ƙullin a jikin jijiya, sai a bar ɗan sarari, don idan jini ya dawo ta kumbura zaren ya bi ta, kada ya shaƙe ta kamar bakin jaka. Ranar da na fara gani na zaci mantuwa likitan ya yi.

Idan giɓin ya fi haka, sai a nemo jijiya a jikin mutumin. A nan ne kowace ƙasa, kai kowane asibiti, ke da abin da ya saba da shi, kuma suna gardama a kai kamar masu goyon ƙungiyoyin ƙwallo. Asibitin MD Anderson na Hustan a Amurka ya yi suna da jijiyar wuya ta ciki: faɗinta ya yi daidai da na jijiyar ƙofa, kuma ta ɗaya gefen tana ɗaukar aikin. Aibinta, sai an sake wani yanka a wuya, don haka muke wanke wuyan hagu mu rufe shi tun farko idan ana zargin za a buƙata. Mayo Clinic sun rubuta a kan jijiyar ƙodar hagu, wadda ke nan cikin ciki ɗin da aka riga aka buɗe. Ana yanko guntunta na kusa da babbar jijiya, ƙodar kuma ta ci gaba da zubar da jininta ta ƙananan rassa, muddin ba a taɓa su ba. Gajeriya ce dai, ba ta wuce 'yan santimita. Japanawa sukan ɗauko ta ƙugu. Akwai ta cinya mai zurfi, mai kyau da faɗi, amma ƙafa kan kumbura bayanta. Doguwar jijiyar ƙafa da ake wa masu ciwon zuciya aiki da ita ta yi siririya a nan, sai dai a tsage ta a yi faci, ko a naɗe ta a jikin sirinji a ɗinke ta zama bututu mai faɗi, aikin da ke cin lokaci da haƙuri. Tantanin ciki da na ba ki labari kuwa, Safi Dokmak da abokan aikinsa na asibitin Beaujon a gefen Faris ne suka yaɗa shi da rahotonsu na 2015. Wurin faci yana da kyau ƙwarai. Idan aka naɗe shi aka yi bututu ya fi saurin tsukewa, shi ya sa likitocinmu ba sa son yin hakan sai dole.

Sai na kanti. Akwai tantanin zuciyar saniya da aka sarrafa, yana zuwa cikin kwalba ko leda, a wanke shi a ruwan gishiri a yanka yadda ake so. Yana da daɗin ɗinki, allura na shiga ba gardama, kuma ba sai an sake yanka majinyaci ba. Ana gaya wa mutum tun kafin aiki cewa daga dabba yake, ya sa hannu ko ya ƙi. Akwai jijiyar mamaci da ya yi wasiyyar ba da sassan jikinsa, ana ajiye ta a daskare cikin sanyin da ya haura digiri 130 ƙasa da sifiri. Wannan ba kaya ba ne da za a sayo a ajiye, tsari ne guda: ma'ajiyar sassan jiki, gwajin cututtuka, doka. Jamus ta yi dokar hakan a 2007, amma a nan sai mutum ya amince tun yana raye ko danginsa su yarda, alhali Ingila da Holand tun 2020 suka koma ɗaukar kowa a matsayin ya yarda sai in ya rubuta bai yarda ba. Don haka ko a nan ba kullum ake samu ba, kuma sai an yi oda tun kafin ranar aiki.

Yanzu ga robar da kika tambaya. Sunan sinadarin PTFE, dangin abin da ake shafe kaskon da ba ya kamu. A 1938 aka gano shi a kamfanin DuPont, a 1969 Bob Gore ya gano yadda ake ja shi ya zama mai ƙananan ƙofofi, daga nan aka sami Gore-Tex. Akwai kuma Dacron, wanda saƙa ne, shi Michael DeBakey ya fara ɗinkawa a keken ɗinkin matarsa a shekarun 1950. A jijiya mai harbawa abin alfahari ne su biyun, jini na wucewa da ƙarfi yana wanke su. Jijiyar ƙofa kuwa ƙarfin jininta bai wuce 5 zuwa 10 ba a ma'aunin da na hannu ke nuna 120. Jinin da ke tafiya a sanyaye, ya haɗu da baƙon abu, sai ya daskare. Kayan ciki ma suna iya danne bututun, dalilin zobban da ke jikinsa ke nan. Abu na biyu ya fi ba su tsoro. A aikin Whipple ana buɗe hanji, ana haɗa ragowar fankiriyas da shi, kuma wannan mahaɗar takan yi yoyo. Ruwan fankiriyas nama yake narkarwa, ga ƙwayoyin cuta daga hanji, ga roba a kwance a tsakiyarsu. Naman mutum yana iya yaƙar cuta, roba ba ta iyawa. Ban ce ba a sa ta ba. Akwai asibitocin da suka ba da rahoton sakamako mai kyau da ita, kuma idan jini ya ɓalle ana neman abin da ke kusa, ita ce ke ceto. Amma a shekara uku da na yi a teburin nan, sau biyu kacal na ga an sa ta a jijiyar ƙofa.

Inda take da gida shi ne uwar jijiyoyin ciki, bena kaba ta ƙasa, mai kwaso jinin ƙafafu da ƙoda zuwa zuciya. Faɗinta wajen santimita 2, ba jijiyar jiki da za ta maye gurbinta cikin sauƙi, kuma galibi ba a buɗe hanji a aikin, don haka bututu mai zobba na milimita 16 zuwa 20 yakan zauna lafiya. Kansar ƙoda ce ta fi kawo mu nan. Tana da wata ɗabi'a, tana tsirowa cikin jijiya kamar saiwa a cikin famfo. Tsakanin kashi 4 zuwa 10 na masu ita ana samun haka, wani lokaci har ta kai cikin zuciya, sai an kira likitocin zuciya da na'urarsu. Ko a nan ma, sau da yawa tsaga jijiyar ake yi a zaro ƙarin a ɗinke, a yi faci idan za ta tsuke fiye da rabi. Idan kuma ta daɗe a toshe a ƙasan ƙoda har jini ya nemi wasu hanyoyi, wasu likitocin ɗaure ta kawai suke yi su bar ta. Irin wannan aikin sau nawa zai zo muku a shekara? Kwalin yana da ranar lalacewa fa.

Abin da ya bambanta nan da gida, yadda na gani, yana faruwa ne tun kafin a wanke hannu. Ba a shiga ciki don a je a gano ko ƙari ya kama jijiya. Hoton siti, wato CT mai nuna cikin jiki, ake yi na musamman, yanka-yanka sirara kamar milimita guda, a ɗauka lokacin da ruwan allurar da ke sa jijiyoyi su fito a hoto yake cikin jijiyoyi masu harbawa, a sake ɗauka lokacin da ya iso jijiyar ƙofa. Daga nan ake auna ko ƙarin ya zagaye ƙasa da rabin jijiyar ko fiye, tsawon nawa ya kama, kuma ko akwai lafiyayyen baki a ƙasa da za a ɗinka a kai. Wannan na ƙarshen shi ne mai yanke hukunci. Idan ƙarin ya gangara har inda jijiyar hanji ta rarrabu ƙanana, ba inda za a kafa allura, ko an tara kayan duniya. Hoton da ya wuce wata guda ba sa yarda da shi, sai a sake. Sannan kowane mako akwai zama: likitan fiɗa, likitan kansa, mai karanta hoto, mai duba nama a madubi, likita mai ƙona kansar da haske, kowa ya faɗi nasa. Na taɓa ganin mai karanta hoto, yarinya ƙarama, ta hana babban farfesa aiki saboda wani ɗigo a hanta, kuma ya haƙura. Wannan ya burge ni fiye da duk wata na'ura a ginin.

Kuma yanzu idan jijiya ta shiga magana, yawanci ba a fara da wuƙa. Kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ake farawa da shi na wasu watanni, sau da yawa haɗin nan mai ƙarfi da Faransawa suka tabbatar a 2011, FOLFIRINOX. Hikimar ita ce wanda cutarsa ta riga ta bazu a ɓoye za ta bayyana a wannan tsakanin, a hutar da shi babban yanka. Wani binciken Holand mai suna PREOPANC ya nuna waɗanda aka fara wa magani da haske kafin aiki, kashi 20.5 suna raye bayan shekara biyar, waɗanda aka fara da aiki kuwa kashi 6.5. Ki dubi lambobin nan da kyau, Yaya, har na masu nasarar. Kada mai kyautar ya zaci magani muke sayarwa a nan. Cikin masu kansar fankiriyas biyar, kusan ɗaya ne ake samu a lokacin da aiki zai yiwu, kuma ko a Amurka waɗanda ke kai shekara biyar ba su wuce kashi 13 ba. Yanke jijiya ba ya sa mutum ya fi wanda ba a yanke wa ba daɗewa. Abin da yake yi shi ne ya shigar da wanda da an rufe shi cikin sahun waɗanda aka cire wa ƙarin. Wani lokaci ma sakamakon nama ya dawo ya ce kansar ba ta shiga bangon jijiyar ba, kumburi ne ya manne su. Ba mai iya bambancewa da ido a tsakiyar aiki, kuma ɓamɓare ƙari daga jijiya da ƙarfi shi ne hanyar yaga ta.

Sai maganar yawan yi, wadda na fi so shugabanku ya ji. A shekarun 1960 da 1970 kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke mutuwa daga aikin Whipple, har George Crile ya rubuta a 1970 cewa gara a yi hanya kawai a bar ƙarin. Ba sabon zare ne ya canja wannan ba. John Cameron na Johns Hopkins ya yi ta yin aikin har ya cika 2,000 a 2012, shi da 'yan ɗakinsa suka san kowane lungunsa. Wani babban bincike na Amurka a 2002 ya nuna a asibitocin da ba su cika yin fiɗar fankiriyas ba kashi 16.3 ke mutuwa, a masu yi da yawa kashi 3.8. Ingila ta ɗauki mataki tun 2001, ta ce cibiya ɗaya ta ɗauki al'ummar miliyan 2 zuwa 4. Holand ta tattara aikin a asibitoci kaɗan, mace-macen suka sauko daga kashi 9.8 a 2004 zuwa 5.1 a 2009. Jamus da kike ganin ta fi kowa tsari, a nan ita ce ta baya. Shekara da shekaru aiki 10 a shekara ya isa asibiti ya ci gaba da yi, sai 2025 aka kai shi 20, kuma sai da ƙananan asibitoci suka yi ta ƙorafi. Kowa na son a ce shi ma yana yi. Wannan halin ba mu kaɗai ke da shi ba.

Dalilin da ya sa yawan yi ke da muhimmanci, a mintunan datse jini ake ganinsa. Da zarar an sa maƙalar da muke ce wa kilam a jijiyar, hanji ya fara cika da jinin da ba shi da mafita, yana yin shuɗi yana kumbura a gaban idonki, hanta kuma tana jiran jini. Ana so a gama cikin rabin sa'a. Wasu sukan datse jijiyar da ke kai wa hanjin jini ita ma don rage kumburin. Akimasa Nakao na Nagoya ya fito da wani bututu a 1981 da ke karkatar da jinin na ɗan lokaci don likita ya yi aiki a natse, amma ban ga ana amfani da shi a nan ba. Mu agogo muke bi. Ana kiran lokaci da ƙarfi kowane minti biyar. Likitan barci ya riga ya ba da hefarin mai hana jini daskarewa, jini yana cikin firij a bakin ƙofa, ni kuma zare uku suna ɗaure a mariƙinsu kafin a tambaya. Ba mai magana. Wannan shirun ba ya samuwa sai mutanen nan guda sun yi abin tare sau da yawa. Jinin ma, tun da na ambata, daga ma'ajiya yake zuwa, na masu bayarwa don Allah, ba a tsayar da aiki ana jiran dangi su zo a ɗiba.

Bayan aiki, sashen kulawa ta musamman, na'urar dofla, mai duba gudun jini da sauti, a kan ciki washegari don a ga jini na gudu a jijiyar, a gwada ruwan da ke fita ta roba ko na fankiriyas ne, allurar tsinka jini har mako huɗu. A kan asfirin kuwa kowane likita da ra'ayinsa. Abin da ke kashe mutane a mako na biyu yoyon nan ne idan ya ci jijiya, kuma abin da ke ceton su shi ne a sami mai hoto da zai zura waya ya toshe wurin da ƙarfe uku na dare ranar Lahadi. Amurkawa sukan sallami mutum bayan mako guda, mu nan wajen biyu, Japan sukan kai wata. A nan Jamus, bayan sallama inshora ta tura shi gidan farfaɗowa na mako uku, a koya masa cin abinci da ƙwayoyin narkarwa da lura da sukari.

Kada ki ce komai nasu daidai ne. Ɓarnar kaya a ɗakin nan tana sa ni ciwon kai. Abin da muke zubarwa bayan aiki ɗaya, leda uku manya, da ke ce da kin yi kuka. Ma'aikatan jinya sun yi ƙaranci, har a ɗage aikin mai kansa don babu wadda za ta kula da gadonsa a sashen kulawa, ga gadon ga na'urorin a kunne. Rubuce-rubuce sun fi na gida ninki. Kuma majinyaci yakan kwana goma ba wanda ya leƙo shi sai mu. Akwai kuma likitocin da, don sun iya ɗinki, suke wuce gona da iri su taɓa jijiyoyi masu harbawa, inda haɗarin ya fi yawa kuma amfanin bai tabbata kamar na wannan ba. Na ga wanda aka yi wa aikin sa'a goma sha ɗaya, ɗinki kamar zane, wata huɗu cutar ta dawo a hanta.

Don haka idan ni ce ke riƙe da alƙalamin, ga abin da zan rubuta. Kilam na jijiya masu laushin baki, manya da ƙanana, masu lanƙwasa irin na Satinsky da miƙaƙƙu, saiti biyu don ɗaya na wurin tafasawa ɗaya na hannu. Mariƙin allura siriri da hantsaki irin na DeBakey waɗanda ba sa cizon jijiya, a ware su kada kowa ya ɗauka ya riƙe fata da su. Prolene 5-0 da 6-0 mai allura biyu, da yawa, don shi ne ke ƙarewa. Tabarau mai ƙara girma da fitilar goshi ga likitoci biyu. Ƙaramar dofla da za a iya sa wa riga a shiga da ita cikin aiki. Tantanin saniya guda biyu ko uku. Bututu mai zobba, in dai sai an saya, ɗaya mai milimita 18 ko 20 saboda babbar jijiya, shi ke nan. Waɗannan kayan ko ba a taɓa yin Whipple ba za su yi amfani ranar da aka kawo wanda aka soka ko mota ta buge. Abin da ya rage na kuɗin, ki roƙe shi ya tura likita ɗaya da nas ɗaya da mai sa barci ɗaya, tare, su zauna wata shida a inda ake yin aikin kowane mako. Na san wannan ba ya ɗaukar hoto ranar miƙa kaya, kuma mai kyauta yana son abin da za a ɗora a tebur. Ke kin fi ni iya lallashi.

Ki binciko min abu biyu kafin ku zauna: aikin Whipple nawa aka yi a wurinku bara, da kuma kaurin yankan da na'urar sitinku ke iya fitarwa. Idan kin turo, zan nuna wa likitan nan da na buɗe wa bututu, yanzu muna shiri, har yakan tsokane ni ya ce in ɗauko masa kwalina. Ya ce zai duba hoto ɗaya ko biyu idan an cire sunan majinyaci.

Ki gaida Umma, ki ce mata maganin ƙafarta yana hanya. Ina aikin safe gobe, sai mun yi waya ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Ƙanwarki.